Muryar da Jonida Ta Share

A garin Vlora da ke bakin teku, an yi wata yarinya mai suna Jonida. Tana aji shida. Kanta yana ja, musamman a darasin kwamfuta. Matsalar ɗaya ce: ita ma ta san kanta yana ja.

Idan Malam Genti yana bayani, kafin ya kai tsakiya ta ɗaga hannu.

"Na gane, Malam."

"Bari in gama mana, Jonida."

"Ai na san sauran."

Sai malamin ya girgiza kai kawai.

Ran da ya koya musu yadda ake fitar da sauti daga faifan bidiyo, ya ja musu kunne a kan abu biyu. Ya ce kada su taɓa rabuwa da faifan asali. Kuma kada su yanke komai daga ciki sai sun tambayi mai abin. Jonida ba ta ji ba. Tana can tana nuna wa ƙawarta yadda ake canza launin allo.

Kakanta namiji, Selfo, ya rasu bara a ƙauyensu na kan dutse. A ƙauyukanmu, gidan da aka yi rashi ba a kunna waƙa sai shekara ta zagayo. Matarsa, Kaka Hasime, ta sa baƙaƙen kaya. Ta lulluɓe ɗan rediyonta da ƙyalle, ta ɗora a kan kabad. Ga idanunta sun yi rauni. Ko fuskar mutum ba ta gani sosai sai ya matso kusa.

Da shekara ta kusa cika, Baba, wato mahaifin Jonida, ya dawo daga ƙauye da wani abu naɗe cikin hankici. Lokacin hutu ne. Jonida ta riga ta saɓa tawul a kafaɗa, za ta bi ƙawayenta bakin teku.

"Zo nan, sarauniyar kwamfuta," in ji Baba. "Aiki na kawo miki."

"Baba, ana jirana fa."

"Tekun ba gudu zai yi ba. Zauna."

Ya warware hankicin. Faifai ne a cikin gidansa na roba.

"Na bikin Goggonki Mimoza ne," in ji shi. "Tun ba a haife ki ba aka ɗauka. Kakanki yana ciki, shi da abokansa suna waƙa. In ba a nan ba, babu inda muryarsa ta rage a duniya."

"To, me zan yi da shi?"

"Kakarki ba ta ganin hoto yanzu. Injin kallon ma ya mutu. Ki fitar mata da waƙoƙin, ki sa a memori, ta riƙa ji a rediyonta. Ran da shekara ta cika za mu kunna mata. Tun bara take jiran ranar nan."

Jonida ta turo baki.

"Waƙoƙin tsofaffin nan? Baba, wa yake jin su yanzu?"

"Uwata," in ji Baba. "In kin gama ki mayar da faifan gidansa, ki ajiye mini. In wani abu ya shige miki duhu, ki kira ni."

"Me zai shige mini duhu? Ai aikin yara ne."

Baba yana aiki a jirgin ruwan da ke zuwa Italiya. Da yamma ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Jonida ta jefar da tawul ɗin. Ranta a ɓace ta buɗe tsohuwar kwamfutar gidan, wadda take da wurin sa faifai. Ta sa shi. Ya yi ta juyawa, sai ga hoto ya fito. Ga amarya, ga mata suna rawa. Can gefe ga wasu maza sun yi da'ira, sun haɗa kai, sun juya wa mai ɗauka baya. Ba ta tsaya kallo ba. Ta buɗe manhajar, ta zaɓi sauti kaɗai, ta danna. Kafin a jima an gama.

Ta sa abin ji a kunne don ta duba aikinta.

Wani mutum ya ɗauki waƙa da murya mai ƙarfi. Wani ya amsa masa. A ƙarƙashinsu kuma ga sauran mazan suna jan "eeee" mai kauri, ba kalma, ba tsayawa. Wannan shi muke kira iso. Jonida ta sha jin sa a wurin biki, amma kullum sai ta toshe kunne da wayar Mama.

Ta ce a ranta, wannan mai babbar muryar shi ne Kaka Selfo. In ba shi ba wa? Ai ba za a ce kakanta yana waƙa ba, sannan ya zama ɗan rakiya.

"Ji yadda suke danne shi da gurnani," in ji ta. "Yaya tsohuwa za ta ji mijinta a haka?"

Wayar gidan tana nan kusa da hannunta. Da ta kira Baba, da magana ɗaya ta isa. Ba ta kira ba.

A cikin manhajar akwai wurin share hayaniya. Kana nuna mata sautin da ba ka so, sai ta bi ta kwashe shi duk inda yake. Jonida ta nemo inda masu kalmomi suka yi shiru, iso kaɗai ke tashi. Ta zaɓe shi. Ta gaya wa kwamfuta wannan hayaniya ce. Kwamfuta kuwa ba ta musu. Abin da ka ce mata shi take yi.

Ta bi duk waƙoƙin ta yi musu haka. Surutun da ke tsakanin waƙa da waƙa ma ta yanke, ta zubar. Ta sa sabon aikin a memori. Na farkon, wanda ba a taɓa ba, ta goge shi, wai yana cinye mata wuri.

"Tas!" in ji ta. "Ko a gidan rediyo sai haka."

Bayan 'yan kwanaki Baffa Petrit ya zo daga ƙauye. Shi ne ƙanen Baba, shi yake zaune da Kaka. Ya zo ɗaukar Endri, ƙanen Jonida, ya yi hutu a can.

"Tsuntsaye za su ƙarar mana da inabi," in ji Baffa. "Endri, tattaro mini tsofaffin faifai. In an rataya su a rumfa suna walƙiya, tsuntsu ba ya sauka."

Endri ya shiga ɗaki-ɗaki yana nema. Ya ga wanda ke kan teburin Jonida, ko gidansa ba a mayar da shi ba.

"Yaya, kina son wannan?"

Jonida tana rubuta wa ƙawarta saƙo. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ɗauki. Na riga na cire abin cikinsa. Yanzu ɓawo ne kawai."

Endri ya jefa shi cikin leda tare da sauran. Da suka isa ƙauye, shi da kansa ya ɗaure shi da zare a rumfar inabin Kaka. Nan ya zauna, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, iska tana goga shi da wayar ƙarfen rumfar.

Ranar cikar shekara ta zo, su Jonida duk suka hau ƙauye. Da safe aka je maƙabarta, aka yi wa Kaka Selfo addu'a. Aka dawo gida. Mama da Goggo Mimoza suka fito da gahawa da alewa da burek, wani gasasshen burodi mai cuku. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Har da Baba Hodo, aminin marigayin, wani tsoho mai farin gashin baki da ɗan karen tsokana.

"Ina 'yar birnin?" in ji shi. "An ce kin cusa mu cikin wani abu kamar farce. To, mu ji. In muryata ba ta yi daɗi ba, laifinki ne."

Aka yi dariya. Jonida sai wani ɗaga kai take yi.

Kaka Hasime ta ce a sauko mata da rediyon. Da hannunta ta yaye ƙyallen. Ta ɗora rediyon a cinya, ta gyara ɗankwali kamar mai jiran baƙo.

"Sa mini, jikata."

Jonida ta sa memorin, ta danna.

Murya ta tashi. Wata ta amsa. Amma muryoyin sun fito sirara, suna karkarwa, kamar daga cikin rijiya. Ƙarƙashinsu babu komai.

Kaka ta kara kunne.

"Wannan Hodo ne," in ji ta. "Wancan mai amsawa marigayi Laze ne. Ƙara sautin."

Jonida ta ƙara.

Kaka ta jira. Ta ƙara jira. Murmushin da ke fuskarta ya soma dusashewa.

"Ina Selfo?"

Jonida ta matso kusa da rediyon.

"Kaka, ba shi ne mai waƙar ba? Mai babbar muryar?"

"Ni ne wannan," in ji Baba Hodo. Tsokanar ta bar muryarsa. "Selfo bai taɓa furta kalma ɗaya a waƙa ba. Iso yake riƙewa. Ina ison, yarinya?"

Kowa ya juyo ya dubi Jonida.

"Na... na cire shi. Na zaci hayaniya ce. Na zaci tana danne muryar Kaka Selfo."

"Hayaniya!" Baba Hodo ya buga sandarsa a ƙasa. "Tun muna samari nake tsayawa a kan muryar mutumin nan. Ji ni nan yanzu, kamar ɗan akuyan da ya ɓata a dutse. Hayaniya, in ji ta!"

Baba ya miƙe da sauri.

"Ba komai, Inna, kwantar da hankalinki. Faifan yana nan, za a sake. Jonida, ina kika ajiye shi?"

Jonida ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake magana."

Endri ne ya ɗaga ɗan yatsansa sama. Kowa ya bi yatsan da kallo. A saman kawunansu faifai suna ta lilo a cikin ganyen inabi, suna walƙiya.

"Yaya ta ce ɓawo ne," in ji Endri.

Baffa Petrit ya dafe kai. Ya hau kujera ya shiga duba su ɗaya bayan ɗaya, har ya samo shi. Rubutun da ke kai ya koɗe. Gefensa duk ya karce. Ga kashin tsuntsu a jiki.

Rediyon yana ta yi. Kaka Hasime ta lalubi maɓallin ta kashe. Ta ɗauki ƙyallen, ta sake lulluɓe shi a hankali.

"Bara na binne shi," in ji ta. "Ban san zan sake ba."

Ta tashi, tana dafa bango, ta shige ɗaki.

Baƙi suka soma zamewa. Gahawa ta huce a kofuna. Burek ɗin ko rabi ba a ci ba. Goggo Mimoza ta karɓi faifan bikinta, ta juya shi, ta ajiye, ta fita bayan gida tana share ido.

Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi sauƙi.

"Na ce ki ajiye mini shi?"

"Ka ce."

"Na ce in abu ya shige miki duhu ki kira ni?"

"Ka ce, Baba."

"To. Ba za ki koma gari da mu ba. Nan za ki zauna, ki riƙa yi wa kakarki hidima. Ki riƙa kallon fuskarta kullum, ki ga aikinki."

Haka aka yi. Su Baba suka tafi, aka bar ta.

Kaka ba ta zage ta ba. Ba ta ma tayar da maganar ba. Da safe sai ta ce, "Ga madara, ki sha." Da rana ta ce, "Kai wa kaji ruwa." Sauran lokacin tana zaune bakin ƙofa, hannu a cinya, fuskarta wajen dutse. Wannan shirun ya fi duka zafi. Jonida takan ɓuya bayan itacen ɓaure ta yi kuka. Tana jin haushin kwamfuta, tana jin haushin Endri, tana jin haushin tsuntsaye. Amma duk inda ta juya laifin, sai ya dawo kanta.

Wata rana suna gyaran wake, sai ta yi abin da ba ta saba ba. Ta yi tambaya.

"Kaka, me ya sa Kaka Selfo bai zama mai ɗaukar waƙa ba?"

Tsohuwar ta jefa wake a kwano.

"An sha ba shi, ya ƙi," in ji ta. "Ya ce kowa so yake a kalle shi, to wa zai riƙe waƙar?"

"Riƙe ta kamar yaya?"

"Mai ɗauka yana hawa, yana sauka, yana yawonsa. In ya gaji, ina zai dawo? Kan iso. In masu iso suka saki, waƙa ta faɗi ƙasa." Ta ɓare wani wake. "Muryar kakanki ita ce ta can ƙasa. Ba da kunne ake jin ta ba. A nan ake ji." Ta dafa ƙirji.

Jonida ta ajiye waken da ke hannunta.

"A wani biki na fara jin sa, ina budurwa. Ina bayan katanga, ban ma ga fuskarsa ba. Na ji gilashin taga yana rawa. Na ce wa yayata, je ki gano mini mai wannan murya." Kaka ta ɗan murmusa. "Ta dawo ta ce, wani gajere ne mai manyan kunnuwa. Na ce ko ma yaya yake, na ji na gani."

Murmushin bai daɗe ba.

"A gida ma haka yake. Ba ya yawan magana. Ba ka sanin yana riƙe da komai. Sai da ya tafi na ji shirun."

Hawaye suka zubo wa Jonida a cikin kwanon waken.

"Kaka, ki yafe mini."

"Na yafe tun ranar. Amma yafewa ba ta dawo da murya, jikata."

Washegari Jonida ta roƙi Baffa Petrit ya sauka da ita gari, tunda zai kai cuku kasuwa. Ta naɗe faifan a hankicin nan na Baba. Ta riƙe shi da hannu biyu har suka isa.

Ta sami Malam Genti a ƙofar gidansa yana gyaran keke, hannunsa duk baƙin mai.

"A'a! Wa nake gani? Malama Na-gane da kanta, a cikin hutu?"

Jonida ba ta yi dariya ba. Ta kwashe komai ta gaya masa. Ba ta ɓoye ko ɗaya ba, har maganar ɓawon.

Malam ya ajiye sifana.

"Kin tuna abu biyun da na faɗa a aji?"

"Ban ji ba, Malam. Ina surutu."

"To, yau kin gane?"

"Ban gane ba. Ka yi mini bayanin tun daga farko. Wallahi ba zan katse ka ba."

Ya dube ta, ya ga idanunta sun kumbura. Ya wanke hannu, suka shiga ciki. Matarsa ta kawo wa Jonida ruwan sanyi.

"Wanda kika share a memori ya tafi," in ji shi. "Ba a mayar da shi. Faifan nan kaɗai ya rage mana. Ba na yi miki alkawari."

Ya sa ta wanke faifan da ruwa da ɗan sabulu. Ya ba ta ƙyalle mai laushi.

"Daga tsakiya zuwa baki za ki goge. Kada ki zagaya. A hankali. Na ce a hankali, Jonida."

Suka sa shi a kwamfutarsa. Ya juya, ya yi ƙara, ya tsaya. Suka sake. Ya sake tsayawa. Jonida ta ji kamar ta fasa ihu.

"Kada ki taɓa," in ji Malam. "Akwai wata manhaja mai haƙuri. Takan bi faifai kaɗan-kaɗan, ta kwashi abin da ya karantu, ta tsallake wanda ya lalace. Amma sai an jira."

Suka jira. Jonida ta zauna a kan hannayenta don kada su kai ga maɓalli. Malam ya koma kan kekensa, ya dawo, ya sake komawa. Rana ta karkata kafin kwamfutar ta gama.

Malam ya duba, ya sauke numfashi.

"Faifai daga tsakiya yake farawa, ya ƙare a baki. Bakin nan waya ta cinye shi, rana ta ƙarasa. Farkon bikin kaɗai ya tsira. Waƙa ɗaya ce."

"Sauran fa?"

"Sun tafi. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Waƙoƙin da suka cika faifai, Jonida ta mayar da su ɗaya.

Suka fitar da sautin. Bayan waƙar akwai surutu, ƙarar kofuna, da kukan wani jariri. Hannunta ya nufi wurin yankewa da kansa. Sai ta janye shi.

"Ba zan taɓa ba," in ji ta. "Ba nawa ba ne. Sai abin da Kaka ta ce."

Malam Genti ya yi murmushi. Ya sa ta ajiye kwafi a kwamfutarsa, wani a memori, ta kuma tura wa Baba da Goggo Mimoza. Faifan kuwa ta mayar da shi gidansa.

Ranar Lahadi su Baba suka hau ƙauye. Jonida da kanta ta je ta kira Baba Hodo.

"Me kuma?" in ji tsohon. "Yau ni kika share?"

"Ka zo dai, Baba Hodo. Don Allah."

Ya zo yana gunaguni. Aka zauna a ƙarƙashin rumfar inabi. Jonida ta durƙusa gaban kakarta.

"Kaka, ɗaya ce kawai ta tsira. Sauran na jawo sun ɓata. Wannan ban taɓa komai a cikinta ba. Har hayaniyar tana nan."

Kaka Hasime ta ɗora rediyon a cinya. Sannan ta yaye ƙyallen.

Muryar Baba Hodo ta tashi. Laze ya amsa. Sai ga iso ya shigo daga ƙasa, mai kauri, mai ɗumi, ba ya rawa. "Eeee." Ɗan rediyon har kaɗawa yake a cinyar Kaka.

Ta dafa ƙirji. Ta rufe ido.

"Ga shi nan," in ji ta. "Ga gajeren nan."

Baba ya juya baya yana goge fuska. Baba Hodo ya cire hularsa. A karon farko Jonida ta saurara da gaske. Ta ji yadda muryoyin sama suke yawo, su dawo su sauka a kan ta ƙasa. Ta ji ta a ƙirjinta, kamar yadda Kaka ta faɗa.

Waƙar ta ƙare. Kofuna suka yi ƙara, jariri ya yi kuka. Jonida ta kai hannu za ta tambaya ko a kashe. Sai wata murya mai kauri ta fito daga rediyon, kusa sosai.

"Hasime! Ke Hasime! Kawo ruwa mana, maƙogwarona ya bushe!"

Kaka ko tunani ba ta yi ba. Ta ɗaga kai ta ce, "Tashi ka ɗebo da kanka! Ƙafarka ta karye ne?"

Ba ta rufe baki ba, sai ga muryar wata mace daga cikin rediyon, daga can nesa.

"Tashi ka ɗebo da kanka! Ƙafarka ta karye ne?"

Sai dariyar Kaka Selfo ta biyo baya.

Tsakar gida ta kaure da dariya. Baba Hodo yana dariya har da tari. Goggo Mimoza ta rungume uwarta. Kaka Hasime tana dariya, hawaye yana bin kumatunta.

"Kuma na kai masa ruwan," in ji ta. "Kullum sai na kai."

Jonida ta tuna irin wannan surutun ne ta yanke ta zubar a karon farko.

"Sake mini," in ji Kaka. "Daga farko. Kada ki tsallake komai."

Aka sake. Aka kuma sake.

Daga baya Baba Hodo ya gyara murya.

"Waɗanda suka ɓata a faifai suna nan a kaina," in ji shi. "Amma ba na waƙa a kan iska. Wa zai riƙe mini?"

Baba ya matso. Baffa Petrit ya matso. Endri ma ya kutsa tsakaninsu.

"Ke fa, 'yar birni? Ko har yanzu hayaniya ce?"

"Ban iya ba, Baba Hodo. Ka koya mini."

"Buɗe baki ki ce 'eeee'. Kada ki hau, kada ki sauka. Ki saurari na kusa da ke."

Ta buɗe baki. Muryarta ƙarama ce, tana ɗan rawa. Amma ta riƙe, ba ta saki ba har waƙar ta ƙare.

Kaka Hasime ta jawo ta jikinta.

"Kin ga, jikata? Abin da ba ki sani ba, kada ki ce ba shi da amfani. Ki tambaya tukuna. Kuma in an ba ki amanar abu, ki riƙe shi yadda aka ba ki."

"Na ji, Kaka."

Waƙoƙin da suka ɓata a faifan ba su dawo ba, kuma Jonida ba ta manta da haka ba. Amma tun daga ranar ba a sake lulluɓe rediyon ba. Kowace safiya Kaka Selfo yana neman ruwa, Kaka Hasime tana ba shi amsa.

Da aka koma makaranta, Malam Genti ya gama bayaninsa har ƙarshe ba wanda ya katse shi. Sannan Jonida ta ɗaga hannu.

"Malam, ina da tambaya."